Mako goma a cibiyar binciken jiragen sama: yadda ranakun ɗalibi mai koyon aiki suke

Tambaya: Ina shekara ta uku a karatun injiniya, kuma an ɗauke ni horon sanin makamar aiki na hutun bazara a wata cibiyar binciken jiragen sama da sararin samaniya. Yaya rayuwar yau da kullum take a irin wannan wuri, kuma me zan yi don kada lokacin ya wuce ban tsinana komai ba?

Amsa: Barka da arziki, ɗan'uwa. Bari mu fara da lissafin lokaci, domin a nan yawancin ɗalibai suke ruɗuwa. A cibiyoyin NASA, hukumar binciken jiragen sama da sararin samaniya ta Amurka, horon bazara kusan mako 10 ne, awa 40 a kowane mako, daga ƙarshen Mayu ko farkon Yuni zuwa Agusta. Sauran cibiyoyi, irin su DLR a Jamus, ONERA a Faransa da ESTEC ta hukumar sararin samaniyar Turai a ƙasar Holan, kowace da nata tsawon wa'adi, amma lissafin iri ɗaya ne. Makon farko, wani lokaci har da rabin na biyu, rajista da horon kariya ne za su cinye shi. Makonni biyu na ƙarshe na rubuta rahoto ne da shirya gabatarwa. Abin da ya rage maka na aikin gaske bai wuce mako 7 ba, kuma a cikinsu na'urar da kake bukata ba taka ba ce kai kaɗai. Saboda haka kada ka je da niyyar ƙera wani babban abu. Abin da ake nema a wurinka shi ne ƙaramin sakamako guda ɗaya wanda za a iya amincewa da shi, a rubuce yadda wani zai ɗora a kansa bayan ka tafi.

Ranar farko a ofishin tsaro take farawa: hoto, a wasu wuraren har da zanen yatsu, sannan katin shaida da za ka rataya inda kowa zai gani muddin kana cikin harabar. Katin ne ke buɗe ƙofofi, a cibiyoyi da dama kuma da shi ake shiga kwamfuta. Sai dai samun kati daban, samun izinin shiga ɗakin gwaji daban. Kowane ɗaki yana da horonsa, kuma sai mai kula da ɗakin ya sa hannu kafin a ƙara sunanka. Kwamfutar aiki da asusun shiga manyan kwamfutoci kan ɗauki kwanaki kafin su fito. Duk wani fom da aka turo maka tun kana gida, cike shi a ranar da ya zo, domin jinkirin kwana uku a wurinka kan zama jinkirin mako biyu a wurinsu. Kwanakin jiran nan ka roƙi wanda zai jagorance ka ya ba ka rahotanni uku zuwa biyar da suka shafi aikin, ka karanta da biro a hannu, kana rubuta duk gajeren suna da ba ka gane ba. Mutanen wannan fanni da gajerun sunaye suke magana, kuma ba su ma lura da cewa suna yi.

Ka kuma warware maganar masauki da abin hawa kafin ka iso. Waɗannan cibiyoyi manya ne, kuma da yawansu ba a cikin gari suke ba. Cibiyar Armstrong ta NASA tana cikin sansanin sojan sama na Edwards a hamadar Mojabe ta Kalifoniya, ta Marshall kuma tana cikin sansanin Redstone a Huntsville. Tsakanin ginin ofishinka da ginin gwaji ma tafiya ce.

Akwai horo ɗaya da ɗalibai kan danna su wuce ba tare da sun karanta ba, alhali shi ne mai iya kawo ƙarshen zamanka a rana ɗaya: dokar hana fitar da bayanan fasaha. A Amurka dokokin ITAR da EAR ne, kuma a ƙarƙashinsu nuna wa ɗan wata ƙasa zanen da aka killace, ko da a cikin ofis ɗaya kuke zaune, daidai yake da aika zanen zuwa ƙasarsa. Ƙasashen Turai ma suna da nasu dokokin. A aikace ma'anarsa ita ce ba ka tura fayil ɗin aiki zuwa imel ɗinka na kanka, ba ka soka wata ma'ajiyar bayanai taka a kwamfutar cibiya, ba ka zuba bayanan aiki a wata manhajar intanet don ta taya ka, kuma ba ka ɗaukar hoto a ɗakin gwaji sai ka tambaya. Hoton da ka ɗauka don tunawa zai iya kamo allon da ke bayanka da abin da ke rubuce a kai. Idan kai ba ɗan ƙasar da cibiyar take ba ne, katinka zai iya bambanta da na sauran, wasu gine-ginen kuma sai da rakiya. Kada ka ɗauke shi a matsayin wulaƙanci, amma ka tambayi jagoranka tun makon farko waɗanne bayanai ne aka ba ka izinin gani, don kada a tsara maka aikin da ba za ka iya buɗe fayilolinsa ba.

Zaman farko da jagoranka shi ne mafi muhimmanci a duk makonnin. Injiniya ne ko mai bincike da ke da nasa aikin, kuma mai yiwuwa awa ɗaya ko biyu kawai zai iya ware maka a mako. Sau da yawa taken aikin da aka ba ka ya yi faɗi, misali "nazarin kwararar iska a kan fiffike". Kada ka fito daga zaman nan sai kun mayar da shi tambaya mai amsa da lamba: idan aka karkata fiffiken daga digiri 0 zuwa 16, a wane kusurwa iskar ke fara rabuwa da samansa, kuma lissafin kwamfuta ya yi daidai da awo ko ya kauce, da kashi nawa? Sannan ku kasa shi hawa uku, wato abin da dole ya kammala, abin da ake fata, da abin da za a taɓa idan lokaci ya ragu. Ka tambaye shi wa zai yi amfani da sakamakon, da kuma wa za ka nema idan ba ya nan, domin bazara lokacin hutu ne da tarukan ƙwararru, kuma zai iya ɓacewa mako guda cur. Bayan zaman ka rubuta abin da kuka amince a kai cikin layi goma ka aika masa. Idan fahimtarku ta saɓa, gara a gano a rana ta uku.

Rana ta yau da kullum ba ta da armashin da ake gani a talabijin. Ana shigowa tsakanin ƙarfe 7 da 9 na safe. Wasu rukunonin suna yin gajeren taro na minti 15 a tsaye, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, abin da zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. Daga nan mafi yawan yinin a gaban kwamfuta ne: tsabtace alƙaluman da aka auno, gyara manhajar da ka rubuta da Python ko MATLAB, zana wani ƙaramin maƙali a manhajar zane, ko jiran sassan da aka yi oda. Da rana ana yawan shirya laccoci da zagayen ganin manyan na'urori domin ɗalibai. Je ka, musamman zagayen, domin gani ya kori ji. Wanda ya tsaya a cikin ramin iskar cibiyar Ames ta NASA, wato ƙaton bututun da ake hura iska a cikinsa don gwada jirage, mai faɗin ƙafa 120 da tsayin ƙafa 80, inda ake shigar da jirgi sukutum, ya fahimci girman aikin fiye da wanda ya karanta. Amma kada laccoci su wuce biyu a mako, in ba haka ba su cinye maka safiyoyin da kake bukata.

Ranakun gwaji daban suke, kuma a nan zan daɗe, domin a nan ake gane ɗalibin da za a sake gayyata. Ɗauki ramin iska. Ana ɗora ƙaramin samfurin jirgi ko fiffike a kan ma'auni mai auna abubuwa shida, wato ƙarfi ta fuskoki uku da murɗawa ta fuskoki uku, sannan a hura iska a kansa da saurin da aka sani. Manyan ramuka ana kama lokacinsu watanni kafin ranar, wasu kuma da dare suke aiki saboda yawan wutar da suke ja. Ɗalibi ba ya taɓa maɓallin kunnawa. Aikinsa shi ne duba alƙaluma suna shigowa, rubuta abin da ya faru a kowane zagaye, da taya canza sassan samfurin tsakanin zagaye da zagaye.

Kafin a kunna iska ana ɗaukar awon sifili, wato abin da ma'aunin yake nunawa alhali babu iska. Bayan an kashe kuma ana sake ɗauka. Idan na farko da na ƙarshe sun bambanta fiye da iyakar da aka yarda da ita, zagayen ya lalace. Dalili mafi yawa shi ne zafi: ƙananan wayoyin da ke manne a jikin ma'aunin suna auna lanƙwasar ƙarfe da ido ba ya gani, kuma ƙarfe yana buɗewa idan ya ɗumama. Shi ya sa ake kunna na'urorin awo a bar su su yi ɗumi kafin a fara, wani lokaci ma a yi zagaye ɗaya na ɗumama ramin da ba za a yi amfani da alƙalumansa ba. Ana kuma karkata samfurin zuwa duk kusurwoyin gwaji ba tare da iska ba, don a cire nauyinsa na kansa daga lissafi. Wanda ya manta da wannan zai ga wani ƙarfin ja da baya wanda nauyin samfurin ne kawai.

Sai siraran tiyo-tiyon roba da ke ɗauko matsin iska daga ƙananan ramukan da aka huda a jikin fiffiken. Sukan kai ɗari ko fiye, kuma kowane sai an gwada shi: a hura masa matsi, a toshe, a ga ko lambar tana sauka. Idan tana sauka, akwai yoyo. Idan ba ta motsa tun farko ba, ramin ya toshe, galibi da fenti ko gam. Idan ka zana matsin a jere ka ga maki biyu maƙwabta sun yi tsalle, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kafin ka fara tunanin ka gano wani sabon abu a kimiyya, duba ko an musanya tiyo biyu wajen sokawa. Wannan aiki ne mai gajiyarwa da ake yawan ba ɗalibai, kuma wanda ya yi shi da natsuwa ya ceci gwajin gaba ɗaya.

Kada kuma ka ɗauki nauyin iska daga littafi. Lambar 1.225, wato kilogiram a kowace kubik mita (cikin akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare), ta iskar bakin teku ce a zafin digiri 15 na ma'aunin Salsiyos. A ramin da iskarsa ke zagayawa ta dawo, farfela tana ɗumama ta. Idan ta tashi daga digiri 15 zuwa 30, nauyinta ya ragu da kusan kashi 5 cikin 100, kuma duk lissafinka na ƙarfin ɗagawa zai kauce da wannan gwargwado idan ba ka auna zafi da matsi a kowane zagaye ba. Haka kuma kuskuren kashi 1 a saurin iska yana zama kashi 2 a matsin da take bugawa da shi, saboda ana ninka saurin da kansa a cikin lissafin. Akwai kuma abin da za a tambaye ka a ranar gabatarwa, ko shakka babu: lambar Reynolds, wadda ke haɗa girman abu, saurin iska, nauyinta da danƙonta don nuna irin halin da kwararar za ta yi. Samfurin da ya kai kashi ɗaya cikin 20 na girman jirgi, a iska iri ɗaya da sauri iri ɗaya, lambarsa ta gaza ta jirgin gaske sau 20, don haka iskar da ke shafar fatarsa ba ta yin halin da za ta yi a sama. Ƙananan ramuka suna rage matsalar ta hanyar manna jerin ƙananan ɗigo kusa da gaban fiffiken don su hargitsa iskar da wuri. Manya, irin na cibiyar Langley a Bajiniya da na Turai da ke birnin Kolon, suna fesa ruwan naitirojin su sanyaya iskar zuwa ƙasa da digiri 150 a ƙarƙashin sifili, su kuma ƙara mata matsi.

Ko a wane sashe aka sa ka, abubuwa biyu game da alƙaluma suna nan. Na farko ma'aunin lamba. Har yau fannin nan yana cakuɗa inci da fam da mita da kilogiram, wani lokaci a cikin zane ɗaya. A 1999 kumbon Mars Climate Orbiter ya salwanta a duniyar Mars saboda wata manhaja tana fitar da lambobi a ma'aunin fam, wadda ke karɓa kuma tana ɗaukarsu a matsayin ma'aunin niyuton, bambancin ninki 4.45. Ka sa ma'aunin a kan kowane layin alƙaluma da cikin sunan kowace lamba a manhajarka. Na biyu, yawan ɗaukar awo a daƙiƙa. Dole ya ninka saurin abin da kake aunawa fiye da sau biyu, a aikace ma ana son sau biyar zuwa goma. Idan ƙarfe yana girgiza sau 90 a daƙiƙa kai kuma kana ɗauka sau 100, kwamfuta za ta nuna maka girgiza mai kyau ta sau 10 a daƙiƙa wadda babu ita, kuma bayan an ajiye fayil ɗin babu dabarar da za ta gyara. Matatar da ke yanke saurin da ya wuce kima a gaban na'urar ɗauka ake sa ta. Fayil ɗin asali kuwa ba a taɓa shi. Kwafi ake yi a yi aiki a kai, kuma kowane gyara manhaja ce za ta yi shi, don a iya maimaitawa.

Littafin rubutunka na ɗakin gwaji ya ɗauki kwanan wata, lambar zagaye, lambar kowace na'urar awo da ranar da wa'adin saitinta zai ƙare, da duk wani abu da ka ji ko ka gani, ko da ƙarar da ba ka saba ji ba ce. A mako na tara ba za ka tuna dalilin da ya sa zagaye na 47 ya bambanta ba.

Idan sashen taurarin ɗan'adam aka kai ka, rayuwarka za ta ratsa ta tsabtataccen ɗaki. Ana auna tsabtarsa da yawan ƙurar da ke cikin iska. A mataki na 8 na ma'aunin ISO na ƙasa da ƙasa, ƙwayoyin ƙura masu girman rabin maikuron (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) zuwa sama ba za su wuce 3,520,000 a kubik mita ɗaya ba, a mataki na 7 kuwa 352,000, a na 5 kuma 3,520. Babban mai kawo datti a ɗakin shi ne mutum, da fatarsa da gashinsa da numfashinsa. Sa kayan yana da tsari, galibi daga sama zuwa ƙasa: hular gashi da abin rufe baki, rigar da ba a bari ta taɓa ƙasa, takalma, sannan safar hannu. Karon farko zai ɗauke ka minti 10 ko fiye, don haka ka biya bukatunka kafin ka shiga. Ba a shiga da fensir, takardar yau da kullum, kwali, turare ko kwalliya. Ba a saurin tafiya, ba a kuma miƙa hannu ta saman kayan da za su tashi.

Wutar da ke taruwa a jikin mutum ita ce ɓarna marar alama. Ba ka jin tartsatsinta sai ta kai kusan bolt 3,000, alhali wasu sassan lantarki ƙasa da bolt 100 ke lalata su. Mafi muni, sashen zai iya ci gaba da aiki a ranar, ya mutu bayan watanni a sararin samaniya inda babu mai gyara. Saboda haka ana ɗaura igiyar wuyan hannu mai sauke wutar zuwa ƙasa, ana gwada ta kullum kafin fara aiki, kuma idan damshin ɗakin ya sauka ƙasa da kusan kashi 30, wurare da yawa suna tsayar da aiki. Kada kuma ka kawo gam, tef ko roba daga wani ɗaki. A inda babu iska, kayan roba suna fitar da tururi wanda ke zuwa ya kwanta a kan madubi da idon kyamara. Gwajin da aka saba shi ne a gasa abu a digiri 125 na awa 24 a tukunyar da aka zuƙe iskarta. Kada ya rasa fiye da kashi 1 na nauyinsa, kuma abin da zai sake daskarewa kada ya wuce kashi 0.1. Tef ɗaya da ba a amince da shi ba zai iya sa a shafe kwanaki ana gasa tukunyar gwaji don tsabtace ta.

Za ka ga ana bin takardar matakai layi bayan layi, ana sa hannu a kowane, har a kan ɗaure noti da sufana mai auna ƙarfin ɗauri. Ana ƙirga kayan aiki kafin a fara da bayan an gama, domin sukurudireba ɗaya da aka manta a ramin iska zai zama harsashi idan farfela ta tashi. Dalilin wannan tsanani a bayyane yake a tarihin fannin. A 2003 tauraron hasashen yanayi NOAA-N Prime ya faɗo ƙasa a masana'anta lokacin da ake karkata shi, saboda an cire notina 24 daga abin da ke riƙe da shi ba a rubuta ba, waɗanda suka zo bayan nan kuma suka dogara da takarda ba su duba da ido ba. Gyaran ya ci dala miliyan 135. Darasin da ya shafe ka kai tsaye: idan ka yar da wani sashe, ko ka taɓa abu ba tare da igiyar hannu ba, ko wani ƙaramin noti ya faɗa inda ba ka gani, tsaya ka faɗa nan take. Za a rubuta rahoto, a duba sashen, a ci gaba. Ɗalibin da ya faɗa ana ƙara yarda da shi. Wanda ya ɓoye kuwa, idan an gano, ba ya sake shiga ɗakin.

Game da lafiyarka, abin da ya fi kamata ka ji tsoro shi ne wanda ba ya wari. Ruwan naitirojin yana tafasa a digiri 196 ƙarƙashin sifili, kuma lita ɗaya tana zama kusan lita 700 na iska. Lita 10 da ta zube a rufaffen ɗaki mai mita 4 da 5 da tsayin 2.5 za ta sauke iskar oksijin daga kashi 20.9 zuwa kusan 18, ƙasa da 19.5 da ƙararrawa ke kaɗawa a kai. Jiki ba ya ba da gargaɗi, mutum kawai ya ji jiri ya faɗi. Idan ƙararrawar ta yi ƙara, fita, kuma kada ka koma ɗauko kowa ko komai. Kira masu kayan numfashi. Ba a shiga lif tare da tulun naitirojin. Kwaɗon da wani ya rataya a kan makunnin wuta da sunansa a jiki, shi kaɗai ke cire shi. Kuma ba a aiki kai kaɗai a ɗakin gwaji bayan an tashi, komai matsin lokaci.

Mai yiwuwa kuma duk aikinka a kwamfuta zai ƙare, kana kwaikwayon kwararar iska da lissafi. A nan ma jira ne. Kana miƙa aiki ga babbar kwamfuta, ya shiga layi, ya fito bayan awoyi ko washegari. Kuskuren harafi ɗaya a fayil ɗin umarni zai sa ka wayi gari ka tarar aikin ya mutu a daƙiƙa ta biyu, don haka ka fara gwada shi a ƙaramin layin gwaji na mintoci kaɗan. Ka sa ya riƙa ajiye inda ya kai lokaci-lokaci, domin idan wa'adin da ka nema ya cika, kashe shi ake yi ko saura ƙiris. Hoto mai launuka ba hujja ba ne. Kwamfuta tana yanyanka sararin da iskar ke bi zuwa ƙananan gidaje kamar idanun raga, don haka ka maimaita lissafin a kan raga uku, mai manyan idanu, matsakaiciya da mai ƙanana, ka nuna cewa amsar ta daina canzawa, sannan ka fara da wani misali da aka riga aka san amsarsa daga awo kafin ka taɓa naka.

Mutanen da za su fi koya maka aiki sau da yawa ba masu digirin digirgir ba ne. Masu aikin hannu ne, makerin da ke sassaƙa samfuri da ma'aikacin da ya shekara 20 yana tafiyar da na'ura ɗaya. Kai musu zanenka kafin ka kammala shi. Su ne za su gaya maka cewa lungun da ka zana babu bakin injin da zai shiga, ko cewa daidaiton da ka nema ya ninka lokacin aikin sau uku ba tare da bukata ba. Layin aikinsu kan kai makonni, saboda haka duk abin da za a ƙera ko a saya, ka miƙa shi kafin ƙarshen mako na uku. Idan ka maƙale, ba kanka awa biyu kana nema, sannan ka tambaya, ka zo da abin da ka gwada da abin da ka gani. Shiru na kwana uku saboda kunya ya fi kowace tambaya tsada. Kowace Juma'a ka aika wa jagoranka saƙo gajere da zane ɗaya na sakamakon makon, ko da sakamakon bai yi kyau ba. Binciken da ya nuna cewa wata hanya ba ta aiki, tare da dalili, sakamako ne da ake ajiyewa.

Fara rubuta rahoto a mako na biyar, da sashen bayanin kayan aiki da hanyar gwaji, tun suna sabo a kanka. A mako na takwas ka daina ɗaukar sabbin alƙaluma. Duk abin da zai fita wajen cibiya, ko fosta ce ko takardar da za ka kai wa makarantarka, sai ya bi ta hannun masu tantancewa, kuma hakan kan ɗauki makonni, don haka ka tambayi ranar miƙawa tun da wuri. Gabatarwar ƙarshe galibi minti 10 zuwa 15 ce: tambayar, yadda ka auna, abin da ka samu, iyakar kuskuren awon, da abin da ya rage. Kowace lamba ta zo da gwargwadon shakkarta. A kwana biyun ƙarshe ka tattara fayilolin asali, manhajar, da takarda mai shafi ɗaya da ke bayyana yadda za a sake fitar da kowane zane, ka ajiye a ma'ajiyar rukunin, sannan ka sa wani ya gwada bin takardar a gabanka ba tare da ka sa baki ba. Ka nemi izinin jagoranka na sa sunansa a matsayin mai ba da shaida a kanka, ku kuma amince a rubuce kan abin da aka yarda ka faɗa game da aikin a wajen neman aiki. Ka karɓi adireshin waɗanda kake son ci gaba da hulɗa da su kafin ranar ƙarshe, domin asusun imel ɗinka na cibiya yana rufewa da zarar ka miƙa katin shaida.